Mai Gyaran Burtali

Ni ne ban yi daidai ba, Baffa ne mai gaskiya. Na fara da wannan don kada mai karatu ya yi zaton zai tarar da wani uzuri a gaba. Babu uzuri. Baffa yayan mahaifina ne, shi da matarsa, wadda nake kira Inna, suka riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu, bayan mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta yi aure can nesa. Yau kwana ashirin ke nan da ya rasu a ƙauyenmu da ke tsakanin Kusada da Mawashi, ban kuwa roƙe shi gafara da bakina ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya fi masa ɗakinsa sanyi.

Saƙon ya same ni a Kankia, inda nake aikin malamin gona. Abokin aikina, malamin auduga, ya ce zai raka ni. Muka hau kekuna, amma kafin mu isa an riga an kai shi. Na tarar ƙofar gida ta cika har bakin rijiya, manoma a kan tabarmi, Fulani a tsugune da sandunansu. Arɗonsu, wanda ƙafa ta riga ta gaza, a kan jaki aka kawo shi. Da na durƙusa in gaishe shi ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "Kai ne ɗan?" Na ce ni ne. Ya ce, "To." Ya saki hannuna. A cikin gida matan ruga sun jera ƙoran nono a ƙofar ɗakin Inna. Aka auno musu gero kamar yadda aka saba musaya, suka ce yau ba ciniki ya kawo su ba.

Bayan an shafa fatiha wani tsohon maƙwabcinmu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yanzu wa za shi bi mana burtali?"

Wani daga baya ya ce, "Ai ga Akawu nan. Sai shi rubuta ma burtalin takarda, shi gyara kanshi."

Aka ɗan yi dariya, sai aka tuna inda ake, aka daina. Akawu sunan da Baffa ya laƙaba mini ne. Ban ɗaga kai ba.

Malamin auduga baƙo ne, bai san komai ba. Ya matsa kusa da liman ya ce, "Gafarta Malam, wai mi marigayin ke yi ne ya tara jama'a haka? Malami ne?"

"Karatunshi na salla ne kawai," in ji liman.

"Sarauta gare shi?"

"Babu."

"Fatauci?"

Maƙwabcin nan ya ce, "Ko Kano bai taɓa zuwa ba. Noman ma, gonarshi ce ta ƙarshe wajen ganin fartanya kowace shekara."

Aka dubi juna. Kowa ya san abin da Baffa yake yi, amma babu wanda ya iya ba shi suna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ilimina na elemantare ne, shekara huɗu, amma ina tsoron nan da 'yan shekaru a tambayi yaran garin wane ne shi, su ce wani tsoho ne mai yawo da adda.

Burtali hanyar shanu ce da ke ratsa tsakiyar gonaki, daga daji zuwa mashaya. Namu dogo ne, in ka bi shi da ƙafa daga makiyaya zuwa kwari sai rana ta ɗaga. Gefe da gefe shingen aguwa ne, itacen nan mai farin ruwa kamar nono, wanda dabba ba ta ci. Burtali ba na kowa ba ne, don haka ba wanda ke gyara shi. Sai Baffa. Kowace bazara, kafin ruwan farko, zai sari rassan aguwa ya bi yana kafawa duk inda shinge ya yi giɓi. Da damina kuwa kullum in an idar da asuba sai ya bi shi daga kai har gindi kafin ya taka gonarsa. Inna takan ce, "Gonar kowa ta ga noman fari, tamu tana jiran mai burtali shi sallami shanu."

Faɗinsa taku goma sha biyu ne, da takun Baffa. In ya ga wani manomi ya turo kunyar gonarsa ta shigo hanya, ba ya faɗa. Zama yake yi a kan kunyar har mai gona ya zo. Zai gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta haihu, sannan ya ce, "Malam, kunyarka ta ɓata. Ga ta nan na tsinta maka cikin burtali." Ban taɓa jin wanda ya bari aka faɗa masa wannan sau biyu ba. In kuma saniya ta ƙetare ta yi ɓarna, kafin mai gona ya sani Baffa ya riga ya isa ruga, ya dawo da uban makiyayin yana ba da haƙuri. Ba wanda ke biyansa. Da kaka wani ya aiko da damin gero, wata ta aiko da man shanu, wata shekarar kuma a manta.

Allah bai ba su haihuwa ba. 'Yan'uwa sun yi ta magana har suka gaji. Duk wanda ya tayar da zancen, Baffa sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wancan fa, buhun gero ne?" Na tashi na san akwai wata kalma da mata ke kiran Inna da ita a bayan idonta. Juya. Wato wadda ba ta haihuwa, kamar yadda ake ce wa saniya. Na san kalmar sarai, na san kuma ciwonta, don na taɓa ganin Inna ta dawo daga rijiya da tulunta ko rabi bai kai ba, ta shiga ɗaki ta sauke asabari. Ina so a riƙe wannan.

Da aka ce kowane gari ya ba da yara a kai makarantar boko, mutane suka ɓoye nasu a rumbu. Baffa ya ce, "Ku tahi da nawa." Ɗaya gare shi, ya bayar. Da na gama aka ɗauke ni aiki, aka ba ni kaki da keke da littafi. Ya yi murna, amma bai bar ni na huta ba. Yana da al'adar ƙirga kekunan ma'aikata irina a ƙofar mai gari. Yakan ce, "Yau huɗu. Na gona, na auduga, na daji, na dabbobi. Kaji huɗu sun tahi lahira ke nan." Wata rana ya ce mini, "Akawu, masu koya mana noma sun kusa fin masu noman yawa. In kun cika, wa za shi ciyar da ku?" Na ɗauka ba'a ce irin ta tsofaffi.

A shekarun yaƙin duniya Turawa suka matsa a kan gyaɗa. Baturen gona ya tara mu a Kankia ƙarƙashin wata bishiya, ya yi mana bayani ta bakin tafinta. Ya ce ƙasa ba ta arziki sai da aikin da ke fitar da abin da za a zuba a buhu, a ɗora a sikeli, a loda a mota zuwa Kano, jirgi ya kai shi bakin teku. Duk wani aiki da ba wannan ba, in ji shi, ci kawai yake daga guminsa, in ya yi yawa kuma sai ya danne ƙasa ta kasa tashi. Tafinta ya sosa ƙeya yana neman Hausar abin, can ya ce, "Wato aiki iri biyu ne. Akwai mai haihuwa, akwai juya." Muka yi dariya, muka rubuta. Maganar ta shige ni ƙwarai. Na riƙa bin hanya ina raba mutane gida biyu a zuciyata, na ji na san wani abu da iyayenmu ba su sani ba.

An ce kowane malami ya ƙaro filin gyaɗa a garuruwansa. Da na zo gida na dubi burtali da sabon ido. Ga ƙasa baƙa wuluk, ta sha kashin shanu shekara da shekaru, tana kwance ba wanda ke shuka ta. Bayan la'asar, a ƙofar mai gari, gaban dattawa, na kawo shawara a rage shi zuwa taku shida, masu gonakin gefe su cinye sauran da gyaɗa. Na ga idanun wasu sun yi haske.

Baffa ya ce, "Taku shida? Saniya mai ciki ma sai ta bi a karkace. Mi za ka ce ma Arɗo?"

Na ce, "Arɗo ba ya cikin takardata." Daga nan na zuba musu karatun aiki iri biyu, tiryan-tiryan, kamar ni na ƙago shi.

Baffa ya saurara har na gama. Ya ce, "Madalla. To mu ji. Maƙeri wane iri ne?"

"Mai haihuwa. Yana ƙera garma."

"Maroƙi fa?"

"Juya."

Aka yi dariya, maroƙin mai gari ya ce Allah ya isa.

"Liman?"

Na ce a bar liman.

"An bar shi. To wanda ke hawa keke shi zo shi tsaya kan gonar wani, shi duba, shi rubuta, shi ci kaza, shi koma, shi kuma wane iri ne? Buhu nawa littafin ga naka ya haifa bana?"

Wurin ya ɗauki dariya. Mai gari kansa ya ja rawani ya rufe baki. Ina tsaye cikin kaki, kunnuwana suka yi zafi. Sai na nemi abin da zai yi ciwo. Na ce, "Baffa, ba kai ya kamata ka yi zancen haihuwa ba. Shekara talatin kana riƙe da juya kana wahala a kanta, mi ta haifa maka?"

Na daɗe ina gaya wa kaina aikin burtali nake nufi. Haka na gaya wa matata, haka na gaya wa duk wanda ya tambaya. Amma yau gaskiya na zauna rubutawa. Tun maganar tana bakina na ji inda ta dosa, ina da damar tsayar da ita, na sake ta.

Dariyar ta ɗauke kamar an yanke ta da wuƙa. Rijiya ba ta da nisa da wurin, mata suna can, na ji guga ya faɗa ruwa ba wadda ta ja. Baffa ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya tabbata ni ne. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Ya tafi.

Da ya tashi babu sauran mai musu. Aka yarda da shawarata, aka sare aguwa, aka ja kunyoyi. Ranar ban kwana gida ba, na koma Kankia.

Shekarar farko gyaɗa ta yi kyau, har aka yaba mini gaban abokan aiki. Shekara ta biyu garke ya zo wucewa, hanya ta yi masa kaɗan, ba shinge, shanu suka watsu cikin gonaki. Aka fito da sanduna da gatura. An fasa kan wani makiyayi, an karya hannun ɗan maƙwabcinmu, har yau bai miƙe sosai ba. Da kaka Arɗo ya kwashe mutanensa suka yi gabas. Sai a lokacin muka tuna abin da kowa ya sani. Da rani Fulani ne ke sauka a gonakinmu, shanu su ci kara su bar taki. Ba shanu, ba taki. Kasuwa ba nono. Shekara biyu bayan haka ƙasa ta gaji, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya fito ja a gindin gero, gyaɗar da aka yi don ita ta koma ƙwanso ba ƙwaya. Buhunan garinmu suka kasa na da, waɗanda ake samu kafin in taɓa burtali. Ni kuwa na rubuta a littafina cewa ruwa ne bai isa ba.

Na yi ta juya karatun Baturen nan a raina. Ba duka ne ƙarya ba. Gaskiya ne akwai masu ci ba su nomawa, in sun yi yawa kuma gari ba ya gaba. Kuskurena shi ne ban san wanda zan sa a wannan layi ba. Aikin Baffa ba ya shiga buhu, amma duk buhun da ya fita garinmu da hannunsa a ciki. Nawa aikin kuwa, da na daina zuwa shekara guda, ko zangarniya ɗaya ba za ta ragu ba. Kaji ma sai su ƙaru.

Baffa bai taɓa cewa ai na faɗa ba. A lokacin ya haura saba'in, amma ya ɗauki gora da sanda ya bi sawun Arɗo kwana biyu a ƙafa. Ban san abin da suka tattauna ba. Da ya dawo bai tara kowa ba. Ya fara da gonarsa, wadda ke bakin kwari, ya yanki taku shida daga cikinta ya mayar wa hanya, ya kafa aguwa. Sannan ya koma zama kan kunyoyin mutane, ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku ya yi yana wannan kafin shanu suka dawo. Da wani sabon malami ya tambaye shi wa ya ba da shawarar rage burtali tun farko, cewa ya yi, "Mu duka muna zaune aka yi."

Duk tsawon shekarun nan bai yanke mini komai ba. Kowace kaka damin gero na isowa gidana a Kankia kan jaki. Da matata ta haihu shi ya zo ya raɗa wa yaron suna, ya ɗauke shi ya daɗe yana kallo. Da na kwanta ciwon shawara shi ya zo da saiwoyi, ya zauna bakin gadona kwana huɗu yana ba ni labarin wata saniya mai taurin kai. Ni kuma na riƙa biyansa da kaya. Riga da salla, goro, sukari, fitila mai gilashi. Kowanne na kai, ina fatan ya gane abin da kayan ke cewa. Sai ya karɓa ya ce, "Akawu ya yi arziki." Inna kuwa tana dafa mini abinci, tana tambayar iyali, ba ta taɓa canza fuska ba. Na ɗauki wannan na ce ai magana ta wuce. Na fi son in yarda da haka.

Zuwana na ƙarshe yana kwance a zaure, da hantsi, jiki ya yi nauyi. Mu biyu ne kawai. Na zo da maganar a shirye, tun daga Kankia nake maimaita ta a kan keke. Na zauna, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko yana ganin ruwa zai sauka da wuri bana. Ya ce yana sa rai. Ya tsura mini ido, kamar yana ba ni fili. Na ce zan kawo masa magani daga asibiti ranar Juma'a. Ya ce, "To, Allah shi kai mu." Ranar Alhamis ya rasu.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, na gane saura mutum ɗaya da zan iya kai wa maganar, kuma tun asali ita ce mai ita. Na shiga cikin gida da safe. Inna tana zaune bakin ɗakinta cikin kayan takaba, tana tsince wake a faifai. Na cire takalmi, na durƙusa nesa kaɗan. Na gaishe ta, ta amsa. Ta ci gaba da tsinta.

Na ce, "Inna, akwai wata magana da na yi a ƙofar mai gari, shekarun baya."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina rijiya ranar."

Ban taɓa sani ba. Na zaci kai mata aka yi.

Ta ce, "Da Baffanka ya shigo ya iske ni ina kuka. Ya ce mani, ki yi haƙuri, yaron ga karatun Turawa ne ya ɗauko, bai san abin da ya faɗa ba. Na ce mashi a'a. Da Hausa ya faɗe ta." Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta. "Ya ce in bar ka, za ka zo da kanka. Kowace salla in ka shigo da ƙunshi sai shi ce mani, yau ce. In ka tahi shi ce, to, wata sallar."

Hawaye suka hana ni ganin faifan. Ta ajiye shi gefe, ta juyo ta fuskance ni, ta jira. Wannan karon ban kauce zuwa zancen saukar ruwa ba.

Na ce, "Inna, na san kalmar, na san kuma wadda za ta sama, na faɗe ta don an yi mani dariya. Ba Bature ba ne, ba tafinta ba ne, ni ne. Na sa an sare aikin Baffa, na bar shi ya gyara shi kaɗai da tsufanshi, na zo ina rufe bakina da riga da goro. Ke kika goye ni, ke kika tauna kika ba ni, ban da wata uwa da na sani sai ke. Na makara wurinshi. Don Allah, Inna, ki yafe mani."